Gasasshen Ƙirjin Talotalo na Wata Hajiya a Tafo, Bayan Na Saya Sau Uku

Tun ranar da likita ya tabbatar wa mahaifina cewa yana da ciwon suga, ya kuma umarce shi da ya rage tuwo da shinkafa da duk wani abin sha mai zaƙi, cin abinci a gidanmu na Asawase da ke Kumasi a ƙasar Gana ya koma abin da ake yi cikin takura. Mutumin da ya haura shekara sittin yana karya kumallo da koko da ƙosai, ya ci waakye, wato shinkafa da wake, da rana, ya rufe da tuwon zafi da miyar ayoyo da dare, ba a rana ɗaya za a mayar da shi kan dafaffen kabeji da kifi marar mai a ce ya karɓa da daɗin rai ba. Ni ce mai yi masa girki tun rasuwar mahaifiyarmu, saboda haka ni ce na riƙa ganin yana ture kwano gefe yana cewa ya ƙoshi, alhali wuyan rigarsa ya fara yi masa yawa. Wannan halin ne ya kai ni ƙofar wata Hajiya da ke zaune a zangon Tafo, nan cikin Kumasi, wadda wata abokiyar aikina ta ba ni labarin tana gasa ƙirjin talotalo irin na Italiyawa musamman domin waɗanda aka hana cin abinci mai yawan sitaci. Na saya a wurinta sau uku cikin wata huɗu, kuma ina ganin hakan ya isa in faɗi abin da na gani tsakani da Allah.

Ba ta da shago, ba ta da allo a bakin titi. A gidanta take aiki, ana yi mata magana ta WhatsApp kwana uku kafin ranar da ake buƙata, a tura rabin kuɗi ta MoMo, wato ta wayar hannu, a cika sauran idan kaya ya iso. Ta shekara da yawa a Italiya, a yankin Modena inda 'yan Gana suke da yawa, kuma a ɗakin girkin wani gidan abinci ta yi aiki kafin ta dawo gida.

Da farko ban yarda da maganar ba, domin mu a nan idan aka ce talotalo, abin da ke faɗo wa mutum a rai shi ne cofi, wato gindin talotalon nan da ake soyawa a sayar da soyayyar doya, wanda Nsawam ta yi suna da shi. Kowa ya san kitse ya yi masa yawa ƙwarai, kuma saboda yawan kitsen ne aka haramta shigo da shi Gana tun 1999, ko da yake har yau ba a rasa shi a bakin tasha. To ta yaya zan kai wa marar lafiya naman tsuntsun da hukuma ta hana gindinsa? Sai daga baya na fahimci cewa ƙirji da gindi, duk da a jikin tsuntsu ɗaya suke, sun yi hannun riga. Giram 100 na gasasshen ƙirji wanda aka cire wa fata yana ɗauke da furotin kusan giram 30, kitsensa bai taka kara ya karya ba, sitaci kuwa babu shi sam. Idan aka kwatanta da giram 100 na dafaffiyar farar shinkafa, mai sitaci kusan giram 28, za a gane dalilin da ya sa masu kula da suga suke neman wannan tsoka. Matsalarta ɗaya ce, kuma babba ce: rashin kitsen nan shi ke sa ta bushe a wuta ta zama kamar ana tauna audugar katifa. Duk ƙwarewar mai gashi a wurin nan ake gane ta.

Kafin in biya ko pesewa ɗaya na yi mata tambayar da kowane Musulmi zai yi, wato wa ya yanka, kuma me ake zubawa. Na ji cewa Italiyawa sukan naɗe ƙirjin talotalo da siraran yankan naman alade da suke kira pancetta domin ya riƙa jiƙa shi da mai yana gasuwa, su kuma zuba farar giya a cikin farantin gashin domin romo. Ba ta ji haushin tambayar ba. Ta ce, “Ɗiyata, da ba ki tambaya ba da ni zan gaya miki. Ba na sayen daskararren da ba na san hannun da ya yanka shi ba. Da rai nake sayo talotalona, malamin masallacin layinmu ne ke yankawa a tsakar gidan nan, kuma idan kina so ki zo ki gani da idonki, ƙofa a buɗe take.” Na amsa gayyatar, domin gani ya kori ji, kuma ranar da za a gasa mini na farko na hau pragya, wato babur mai ƙafa uku, na tafi Tafo tun da hantsi.

Abin da na tarar ya kwantar mini da hankali. Ɗakin girkin ƙarami ne amma tsaf, katakon yankan ɗanyen nama daban, na ganye daban. Ƙirjin, wanda ya kai kilo 2 bayan an zare ƙashi, ta riga ta barbaɗe shi da gishiri tun jiya da yamma ta ajiye a firij a buɗe. Ta bayyana mini cewa gishirin yakan fara janyo ruwa waje, sannan cikin dare ruwan ya koma cikin tsokar tare da gishirin, ta yadda naman zai riƙe danshinsa a wuta, fatar kuma ta bushe ta yadda za ta yi ƙamas-ƙamas. A gabana ta daka tafarnuwa da ganyen rozmeri da wani ganye mai laushi kamar karan-miski da Italiyawa ke kira salvia, ta ƙara ƙwayoyin shammar da ta ɗan soya a busasshen kasko har ƙamshinsu ya tashi, da baƙin barkono, da kankararren ɓawon lemun tsami, ta kwaɓa su da man zaitun da ɗan man shanu. Sai ta sa yatsu biyu a hankali ta raba fata da tsoka ba tare da ta yaga ba, ta tura kwaɓin ciki har lungu-lungu, ta mayar da fatar ta lulluɓe naman, ta ɗaure da zaren auduga a wuri shida ko bakwai har ya zama dunƙule ɗaya mai kauri daidai daga kai zuwa ƙarshe. Fatar nan da man shanun su ne suka tsaya a madadin naman aladen. Giya kuwa, romon ƙashin talotalon da ruwan lemun tsami ne suka maye gurbinta, kuma ba ta sa fulawa ko garin burodi a ko'ina, wanda shi ne abin da ya raba girkinta da na yawancin masu gashi.

Abu guda da ya fi burge ni shi ne ɗan ma'aunin zafi mai tsinin ƙarfe da take sokawa a tsakiyar naman. Ta fara da wuta mai ƙarfi, digiri 200, na kimanin minti ashirin domin fatar ta yi ja, sannan ta sassauta obin ɗin zuwa wajen 165, ta riƙa ɗebo romon da cokali tana kwarara masa a kai lokaci-lokaci. Ba ta duba agogo ba sai ma'aunin. Da ya nuna digiri 74 a wuri mafi kauri, wanda shi ne zafin da hukumar aikin gona ta Amurka ta ƙayyade domin naman tsuntsaye ya zama babu haɗarin ƙwayar cuta, ta fitar da shi nan take, ta rufe da takardar gashi sako-sako, ta hana kowa taɓawa har minti ashirin. Na tambaye ta dalili, ta ce idan aka yanka da zafinsa ruwan zai malale a kan katako, a bar mutum da busasshiyar tsoka. Mu da muka saba dafa nama har sai ya rabu da ƙashi saboda tsoron ɗanye, wannan awo darasi ne a gare ni, kuma na ga amfaninsa a lokacin da wuƙa ta shiga: kowane yanka ya fito fari sol, yana sheƙi da danshi, da koren zare na ganye tsakanin fata da tsoka.

Game da ɗanɗano, dole in yi wa mai karatu gaskiya domin kada ya saya da tsammanin abin da ba shi ba. Wannan ba cicinga ba ne, wato tsiren da muka saba da shi. Babu yaji, babu citta, babu kanumfari, babu daddawa, babu dunƙulen magi. Harshen da ya tashi da shito, soyayyen yajin nan na Gana, zai ji loma ta farko kamar an manta wani abu. Sai a loma ta biyu da ta uku ƙamshin rozmeri yake bayyana, mai kama da na itacen da aka fasa sabo, shammar ya biyo baya da ɗan zaƙi-zaƙin da ba na suga ba, lemun tsami kuma ya wanke maiƙon fatar daga baki. Tafarnuwar ta gasu har ta daina yaji ta koma garɗi. Ƙanena bai jira loma ta biyu ba ya ɗauko kwalbar shito, kuma ban ga laifinsa ba, sai dai a ganina shito yana binne duk wahalar da aka sha a kan ganyen. Wanda ba zai iya ci babu yaji ba, gara ya barbaɗa ɗan garin barkono kawai.

Baba kuwa ya ci shiru, kamar yadda ya saba idan abu ya yi masa. Ya cinye yanka biyu, ya dangwali romon da yalo, sannan ya ɗago ya ce, “Wannan ma cikin abincin marasa lafiyan ne?” Na ce masa, “E, Baba, likita ba zai hana wannan ba.” Ya ce in ƙara masa ɗaya. Rabon da ya nemi ƙari a kan wani abinci tun kafin a gano ciwon, kuma ranar ce ta farko cikin watanni da dukanmu muka ci abu ɗaya a tabarma ɗaya, ba tare da an ware masa kwanonsa daban kamar wanda aka yi wa horo ba. Wannan shi ne babban abin da na saya da kuɗina, kuma shi ya sa na koma.

Kayan rakiyar sun cancanci a yi maganarsu, domin a nan ne ta nuna cewa ta san inda take zaune. Maimakon ta dage sai kayan lambun Turai masu tsada, yalon kasuwar Kejetia take tsagawa biyu ta gasa da man zaitun da oregano har gefensa ya yi duhu, ɗacinsa ya ragu ya koma daɗi. Akwai tattasai da albasa da aka dafa a hankali har suka narke, da ɗanyen tumatir da ganyen ɗoɗɗoya, wanda Asantawa ke kira akoko mesa suke sa wa a miyar kaza, kuma ɗan'uwan ganyen da Italiyawa ke ji da shi ne a girkinsu. Man zaitun da busasshen ganye ne kawai take sayowa daga manyan shagunan Adum da Kumasi City Mall, rozmeri kuwa a tukunya ta shuka shi a bayan ɗaki. Albasar nan dai tana da zaƙinta na halitta idan ta dahu sosai, saboda haka nakan rage wa Baba ita in ƙara masa yalon.

A saye na biyu na zaɓi wanda ake cusa wa alayyafo da busasshen tumatir da cuku a ciki. A Italiya da Parmigiano Reggiano za a yi shi, cukun yankin Parma da Reggio Emilia wanda ba a sayar da shi sai ya yi aƙalla wata 12 a ajiye, amma da sinadarin cikin tumbin ɗan maraƙi ake daskarar da madararsa, abin da ke sa Musulmi da yawa su yi shakka tun da ba su san yadda aka yanka maraƙin ba. Hajiya ta kauce wa shakkar gaba ɗaya ta hanyar amfani da wagashi, wato cukun Fulani, wanda da ruwan tumfafiya ake daskarar da shi. Na yaba da tunanin, amma sakamakon bai kai na farko ba. Wagashi ba ya narkewa, ba shi kuma da kaifin ɗanɗanon tsohon cuku, don haka ya zauna a tsakiyar naman gutsure-gutsure, alayyafon kuma ya saki ruwa ya sa yankan yana wargajewa a faranti. Wanda zai saya karon farko, ya fara da marar cushe.

A wannan karo na biyun ne kuma aka samu matsalolin da ba zan ɓoye ba. Gishiri ya yi yawa ƙwarai, domin ga na kwana, ga na busasshen tumatir, ga na wagashin, duk sun taru a wuri ɗaya, kuma mahaifina, kamar yawancin masu ciwon suga na shekarunsa, yana fama da hawan jini. Na gaya mata wannan tun ranar farko, don haka ina ganin ya kamata a ce ta riƙe. Ƙari a kan haka, an yi alkawarin ƙarfe ɗaya na rana, kaya bai iso ba sai bayan la'asar, saboda gas ya ƙare mata ana tsakiyar gashi. Ga mai lafiya jinkirin awa uku ɓacin rai ne kawai, amma ga wanda ya sha maganin suga yana jiran abinci, abu ne mai haɗari, domin sugansa na iya faɗuwa. Dole na dafa masa ƙwai da sauri na haɗa masa da ɗan abin da zai riƙe shi. Abin da ya fi damuna shi ne ba a kira ni an sanar da ni ba sai da na kira da kaina har sau biyu. Da na yi mata ƙorafi ba ta kawo uzuri mai tsawo ba, ta ce, “Laifina ne, ɗiyata, ki ba Alhaji haƙuri,” ta kuma rage mini kuɗi a saye na gaba ba tare da na roƙa ba. A karo na uku gishirin ya zo daidai, har ta rubuto a jikin takarda cewa rabin na kullum ta sa, ɗan babur ɗin kuma ya iso kafin lokaci. Duk da haka, mai sana'ar da ta ce marasa lafiya take yi wa girki ya kamata ta ajiye littafin da take rubuta larurar kowane mai saye, ta kuma tanadi tukunyar gas ta biyu.

Tsada kuwa akwai ta, babu amfanin a ɓoye. Abin da na biya a kan ƙirji ɗaya da kayan rakiyarsa zai sayi kaji huɗu masu rai a kasuwa, kuma ta gargaɗe ni cewa idan Disamba ta ƙarato, lokacin da maƙwabtanmu Kiristoci ke neman talotalo domin Kirsimeti, farashin yakan ƙara hawa. Sai dai lissafin yana sauƙaƙa idan aka duba cewa tsoka ce zalla babu ƙashi, kuma bayan mun ci mu biyar a ranar farko, ragowar ta ishi Baba abincin rana na kwana uku. Ba abincin kowane mako ba ne ga mai albashin koyarwa irina, amma sau ɗaya a wata ko a ranar Sallah ya fi ƙarfin a kira shi almubazzaranci.

Ajiyar ragowar tana buƙatar kula a garin da wuta ba ta da tabbas. Dafaffen naman tsuntsu bai kamata ya wuce awa biyu a waje ba, idan zafin gari ya haura digiri 32 ma awa ɗaya ne, a firij kuma kwana uku zuwa huɗu ne iyakarsa. Ni nakan yanka shi sirara, in raba kashi-kashi da ɗan romo a kowane mazubi, in daskarar da abin da ba za a ci gobe ba, ta yadda ko dumso, wato ɗaukewar wutar lantarki, ya zo na 'yan awanni ba za a yi asara ba. Wajen ɗumamawa, wuta kaɗan da murfi da cokali biyu na romo suke hana shi bushewa. Na taɓa kuskuren mayar da shi kasko da wuta mai ƙarfi, ya fito da tauri kamar ba shi ne na jiya ba.

Akwai gargaɗin da nake ganin wajibi ne in haɗa da wannan yabo. Rage sitaci yana taimaka wa suga ya daidaita, amma wanda yake shan magani ko yake allurar insulin, idan ya yanke tuwo da shinkafa farat ɗaya ba tare da likitansa ya sani ba, sugansa na iya yin ƙasa fiye da kima. Haka nan wanda ciwon ya taɓa masa ƙoda, yawan furotin ba alheri ba ne a gare shi sai da awon da likita ya ba shi. Mu mun kai maganar asibiti kafin mu fara, aka duba ƙodar Baba aka ce lafiya, aka kuma ce kada a cire tuwon gaba ɗaya, a rage shi zuwa ɗan dunƙule kamar na hannunsa. Man zaitun ma, duk da kyansa, cokali ɗaya na cin abinci yana da kalori kusan 120, don haka mai neman rage ƙiba ya ce a sassauta masa. Hajiya ba ta taɓa ce mini girkinta magani ne ba, kuma wannan ya ƙara mata daraja a idona, a zamanin da kowane mai sayar da ganye yake rantsuwa zai warkar da suga cikin mako biyu.

Wanda zai saya, ya faɗi larurarsa a rubuce ba da baki kawai ba, ya nemi a rage gishiri tun daga na kwanan, ya sa lokacin kawowa awa ɗaya kafin ainihin lokacin cin abincin marar lafiyar, ya kuma roƙi a kawo masa naman a dunƙule da zarensa, domin wanda aka yanka tun daga Tafo yakan sha iska kafin ya iso. Ni dai na riga na ba da na huɗu domin ranar sunan jikan Baba a wata mai zuwa, marar cushe, da rabin gishiri, da yalo ninki biyu, kuma Hajiya ta yi mini alkawarin idan na zo da wuri za ta bar ni in ɗaure zaren da hannuna, ta kuma yanko mini reshen rozmeri in gwada dasawa a gida.